Ranar da Rakoda Ta Yi Kiɗan Noma

A daminar da Gide ya dawo daga Ikko, Gwaggo Suwaibatu ta yi asarar dawar gefen gabas na gonarta kakaf, da tukunyar furar da ta gada wurin uwarta, da bunsuru guda, ta kuma ciyar da gayyar da ta nome wa maƙwabci gona. Abin da ta samu kuwa, suna ne da ya kai har kasuwar Sabuwa, da wata diyya da har yau matan ƙauyen ke gardama a kanta. Wasu su ce an cuce ta, wasu su ce tun da aka sari garin ba a yi mace mai ciniki irin nata ba. Ita dai in an tayar da zancen sai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce a miƙo mata goro.

Ƙauyen nan yana bayan Ketare. Tun da mijinta Malam Inusa ya rasu ya bar mata gona mai faɗi a bakin kurmi, ta rantse ba aro ba jingina, ita za ta noma abinta. Ciniki kuwa, mai tallan barkono in ya hango ta yakan rufe kayansa da faifai ya ce ya ƙare. An ce ta taɓa taya allura tun hantsi har azahar, ba ta tashi ba sai da aka yi mata gyaran zare.

To, zamani ne da kuɗin mai ya ɓarke. Samari sun watse Kaduna da Ikko wurin aikin gini, ɗan ƙwadago ya fi nama tsada, ciyawa kuwa ba ta je ko'ina ba. Dawar Gwaggo ta kai ƙauri, harƙiya da tofa sun kamo ta suna neman wuce ta. In ba a yi noman nan cikin makon ba, to sai dai a kira Fulani su yi kiwo. Ba ta da mafita sai gayya. Gayya kuma ba ta tashi sai da ganga, don kowane ƙato da takensa, in bai ji an kaɗa masa ba, fartanya ba ta sauka daga kafaɗarsa.

Sai ta ɗauki sanda ta taka har wajen Ruwan Godiya wurin Ɗanhausa, tsohon makaɗin noma. Ya ce dami uku a kaka, da cinyar akuya, da kuɗin mota ko da a ƙasa ya zo. Ta ce dami ɗaya da kan akuya. Ya ce albarka, ai ita ma gangar ta ji labarin kuɗin mai. Ta ce ganga dai fatar akuya ce da guntun itace, ba ta ga inda mai ya shiga cikinta ba. Suka yi ta ja har rana ta karkata. Da ta miƙe ta gaya masa ko ƙwarya za ta kife a ruwa ta kaɗa da kanta, gonarta sai an nome ta. Ya ce Allah shi ba da sa'a, in ta kaɗa ta aiko masa ya zo koyo.

Gide kuwa satinsa biyu ke nan a gari, amma garin bai gama kallonsa ba. Ya tara suma ta yi kamar sheƙar shamuwa, ya soke mataji a ciki. Wandonsa fantalo kowace ƙafa za ta yi wa yaro riga, takalminsa mai tudu in ya hau sai ya duƙa kafin ya shiga zauren ubansa, ga baƙin tabarau ko a masallaci sai an yi masa magana. A kafaɗarsa kuma wata ƙatuwar rakoda mai baki biyu, ba ya ajiye ta sai in zai kama ruwa. Dako ya yi a bakin teku, amma in ka ji daga bakinsa, shi ke ba jiragen siminti izinin tsayawa. Ya ce wani Ba'amurke baƙi, ma'aikacin jirgi, shi ya ba shi kaset ɗin hannu da hannu, ya ce masa duk Afirka ba wanda ya dace da shi sai shi. Sunan abin rap. Can Amurka, in ji Gide, an daina waƙa, an daina ganga, magana ake yi da gudu bisa kiɗa, mutum kuma ya yi rawa da kai ƙafafu na sama.

Dattawa da suka saurara a ƙofar masallaci suka rabu biyu. Wasu suka ce gambara ce aka cire mata kunya. Liman ya ce shi abin ya yi masa kama da mutum yana yi wa iyalinsa faɗa an hana su ramawa. Amma 'yan samarin da suka rage a gari abin ya shige su. Kafin a ce me, sun daina aski, sun juya hula, suna tafiya suna ɗingishi ba ciwo, in sun haɗu su tafa sau uku su murɗa yatsu kamar masu cinikin shanu. Mai tallan ƙosai ma ta koma kiran ƙosanta da gudu-gudu, har masu saye ba su gane me take sayarwa.

Wannan ya sa kan Gide ya ƙara fin sumarsa girma. Ya shiga gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kafin kaka zai yi wa makaɗan ƙasar nan ritaya, daga Kankara har Faskari har Sabuwa. Biki, suna, dambe, gayya, duk rakoda za ta riƙe. Zai sayi babur, ya ɗaura ta a baya, ya ɗauki mai riƙe masa mataji. Abin da ya rage masa kawai wurin gwaji. Da ya ji yadda Gwaggo suka rabu da Ɗanhausa, sai ga shi a ƙofar gidanta, ya duƙa ya shigo.

Ya ce mata ganga ɗaya ce Ɗanhausa ke da ita, shi kuwa akwatin nan makaɗa bakwai ne a ciki, ba su gajiya, ba su shan fura, ba su tsayawa fitsari. Noman da ake yi yini guda, kafin azahar an gama. Maganar rashin shan furar ita ta shiga kunnen Gwaggo. Ta tambayi kuɗinsa. Ya ce dami biyu. Ta yi dariya ta ce ai shi ya kamata ya biya ta, tunda a gonarta zai yi suna. Ya sauko dami ɗaya, ta ce albarka. Ya sauko rabi, ta tashi ta shiga ba kaji dawa. Daga ƙarshe aka tsaya kan tuwo da nama ranar gayya.

"To batir fa, Gwaggo? Guda takwas takan ci."

"Ɗanhausa ya taɓa cewa in saya mishi fatar ganga? Kowa ya zo aiki shi taho da kayan aikinshi."

Gide ya fita yana cewa ba komai, shi da ya riƙe tashar jiragen ruwa. Amma kuɗin Ikko sun riga sun ƙare a tabarau. Sai ya bi gida-gida yana tattara matattun batiran tocila, ya jera su bisa rufin kwano a rana, ya ɗan tauna gindin kowanne da haƙori, ya ce haka injiniyoyi ke yi, sun fi sababbi ƙarfi.

Ranar gayya Gwaggo ta yanka bunsuru, mata suka dama fura cikin babbar tukunya aka kai gindin ɗorawa. Mutane suka fito har da waɗanda ba a gayyata ba, don kowa na so ya ga akwatin da zai yi kiɗan noma. Manoma suka jeru a bakin kunyoyi. A tsakiyarsu ga Audi, barden noma, mutum kamar kuka, guraye har gwiwar hannu, fartanyarsa sai yaro ya yi nishi kafin ya ɗaga ta. Shi ke buɗe gayya. In aka kaɗa takensa ya yi tsuma ya yi kirari ya sari ƙasa, sannan kowa ya duƙa.

Gide ya ɗora rakoda bisa turmi, ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna.

Kiɗa ya tashi, dum-dum-cas, dum-dum-cas, wani mutum ya kama zuba zance kamar ana zazzage tsakuwa a kwano. Audi ya karkata kunne yana jiran takensa. Ya jira. Ya sauya ƙafa ya ƙara jira. Mutumin cikin akwati bai ko nufo shi ba. Can ya yafito Gide ya tambaye shi wa ake wasawa haka tun ɗazu, ɗan wane gari ne, damin dawa nawa yake samu.

Gide ya ce ai kansa yake wasawa.

 Audi ya ce a maimaita masa. Gide ya ce haka tsarin yake, mai rap kansa yake yabo, ya faɗi kyansa da kuɗinsa da yadda ya fi kowa.

"To in ya gama, wa ka ba shi kyauta? Shi zai sa hannu aljihu shi ba kanshi?"

Dariya ta ɓarke har mata na riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, maraya ne, ba shi da mai yabonsa. Gide ya ga abin zai kwance masa, sai ya ce su kwantar da hankali, zai juya musu shi da Hausa, har barde zai sa a ciki. Ya cire mataji ya riƙe a baki kamar lasifika, ya buɗe ƙafafu, ya shiga sara iska da hannu:

"Ni Gide na Ikko, na fi gaban wasa,
na ci burodi da bota kuna ta cin masa,
takalmina kaɗai ya fi ku nisa da ƙasa,
Audi tsohon barde, ƙashinka ya yi tsatsa."

Samari suka yi shewa.  Audi ya sauke fartanya a hankali, ya dubi Gwaggo, ya ce shekara talatin yana buɗe gayya, ba a taɓa kiransa gona don a yi masa zambo a gaban surukansa ba. Gide ya bi shi yana cewa ai girmamawa ce, a Amurka sai wanda ya isa ake zagi. Audi ya ce to ya gode, ya isa. Ya tafi gindin ɗorawa ya zauna, duk manyan manoma suka bi shi, suka jawo tukunyar fura gabansu, tunda dai an dama ba a zubarwa.

Gwaggo ta ji kamar ana ɗiban furar nan daga jinin jikinta. Ta ce wa Gide ga gona, ga rana na tafiya, makaɗansa bakwai su nuna aikinsu. Gide ya juya ga samarinsa masu juyayyar hula, ya ce yau za su nuna wa tsofaffi noman zamani. Ya ƙara wa akwatin murya, suka duƙa.

Wanda ya taɓa noma da kiɗa ya san hannu ba ya bin ido, ganga yake bi. Gangar Ɗanhausa takan ba mutum sarari ya sara, ya ja, ya kauce wa shuka. Wannan kuwa ba ta san shuka ba. Fartanyoyi suka kama tashi da sauka kamar ana sussuka, ƙura ta murtuke, ciyawa na tashi sama, dawa na bin ta. Kafin Gwaggo ta ƙaraso, kunyoyin gabas sun yi fes kamar an share masallacin idi. Ba tofa, ba harƙiya, ba dawa.

Ta ɗora hannu a ka tana cewa a rage, a rage. Gide ya hango bakinta na motsi, ya ɗaga mata babban yatsa, ya ce wa na kusa da shi ka ga tsohuwa ta fara kamuwa. Sai da ta zo ta finciko ƙafar fantalonsa sannan ya gane. Ya ce gudun kiɗan ba ya raguwa, haka aka ƙera shi, amma ta duba ta ga tsabtar aiki, ko a Ikko sai haka.

Kamar akwatin ya ji roƙonta, sai ya soma raguwa da kansa. Batiran da aka shanya a rana suka tuna cewa matattu ne. Mutumin da ke zuba kamar tsakuwa ya koma jan magana, muryarsa ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta zama gurnanin sa da aka danne za a yanka. Samari kuwa hannunsu na bin kiɗa, suka koma ɗaga fartanya kamar masu jinya, kafin ta sauka mutum ya yi hamma. Mata suka ja da baya suna neman tsari. Tsohuwar nan ta ce dama ta faɗa, yunwa ce, tun safe bawan Allah ke yabon kansa ba wanda ya miƙa masa ko ludayi. Daga gindin ɗorawa Audi ya aiko a tambaya ko makaɗan bakwai ne duka suka suma, ko da saura.

Gide ya bubbuga akwatin, ya ciro batir ya lasa, ya goga a hammata ya mayar. Akwatin ya yi wani dogon nishi ya yi shiru. Da ya buɗe, kaset ya fito da hanjinsa waje, zare baƙi ya nannaɗe ko'ina. Ya ja, ya ƙara fitowa. Wata akuya da ta biyo masu fura ta kama bakin zaren ta yi cikin gona da shi tana tauna, Gide na riƙe da ɗaya bakin yana roƙon ta da Turanci.

Wani ya isa ya haƙura a nan. Gide kuwa ya hau turmi ya ce jama'a su natsu, kiɗa rabin abin ne, yanzu za su ga rawar da ake kira birek, wadda in manomi ya iya ta ba ya sake ciwon baya. Ya sa samari su yi masa kiɗan da baki. Suka kama dum-dum-cas suna tofa wa juna yawu. Ya shiga tsakiyar dawar da ta tsira, ya karkaɗa kafaɗa, ya yi tafiyar mai sanyin ƙashi, ya faɗi da baya ya juya kamar kunkurun da aka kifar. Kowane juyi, takalmin nan mai tudu sai ya kwantar da dawa kamar an bi ta da lauje. Samari suka zubar da fartanyoyi suka faɗa suna kwaikwayo. Gwaggo na bin su da sanda, in ta ɗaga wannan wancan ya kwanta.

Sai Gide ya ce saura babbar, ta kai. Ya zaɓi wuri mai laushi, ya kafa suma a ƙasa, ya ɗaga ƙafafu sama. Wurin mai laushi gidan kwarkwasa ne. Fantalo ya zazzago ya rufe masa fuska, kwarkwasa suka samu suma suka ce ga gari, waɗanda ba su samu wuri ba suka bi wuya suka gangara cikin riga.

Abin da Gide ya yi bayan wannan, duk wanda ya gani ya ce ko Ba'amurken bai kai nan ba. Ya yi sama, ya dawo, ya mari ƙeya, ya mari cinya, ya yi birgima, ya tashi yana karkarwa tun daga kai har yatsa. Samari suka ce wannan ita ce ta ainihi, dama ɓoye musu ya yi, suka shiga marin kansu suna birgima cikin dawa. Yana ihu a cece shi, suna amsawa a cece shi bisa kiɗa. Ya tuɓe riga, ya tuɓe fantalo, ya rage daga shi sai ɗan kamfai da tabarau da takalmi, ya zura da gudu neman ruwa. Ruwan da ya fi kusa shi ne tukunyar fura. Ya tsoma kai ciki har wuya, takalmi ya gurɗe, shi da tukunya suka tafi ƙasa. Ta rabe biyu, Audi ya ɗaga ƙafa fura ta wuce.

Ana cikin wannan sai aka ji gyaran murya daga kan iyaka. Ɗanhausa ne, da gangarsa a rataye, wai hanya ce ta biyo da shi. Bai taka gonar Gwaggo ba. Ya tsaya cikin gonar Malam Salihu maƙwabcinta, wadda ita ma ciyawa ta ci ƙarfinta, ya ce bari ya ɗan gwada fatar ko ta saki. Ya sa gula ya kaɗa taken Audi, sau ɗaya tak.

Audi ya miƙe kamar an tsikare shi. Jikinsa ya ɗauki tsuma, guraye na kaɗawa, ya yi kururuwa ya yi kirari, ya suri fartanya. Manomi inda ganga take nan yake duƙawa. Ya tsallake iyaka ya sari kunyar Malam Salihu. Manyan manoma, cikinsu cike da furar Gwaggo da bunsurun Gwaggo, suka bi shi ɗuu. Ɗanhausa na kiran kowa da takensa, ƙasa na juyawa baƙa wuluk, shuka na tsaye ba wadda aka taɓa. Malam Salihu da ya zo kallo kawai ya tsaya yana ta godiya ga Allah, yana cewa shi bai san ranar da ya yi wannan sadakar ba.

Gwaggo ta tattare zane ta isa kan iyaka. Ta ce Sarkin Kiɗa, taku uku ne tsakaninka da gonata. Ya ce ya gani, amma ƙafarsa ta yi nauyi. Ta ce dami biyu. Bai daina kiɗa ba ya ce huɗu. Ta ce ai uku ya ce ranar nan. Ya ce ranar nan ba a yi masa kishiya da akwati ba, kuma ta duba baya, kowace kunya aka gama ƙarfin mutanen raguwa yake. Ta duba. Audi ya kusa kai ƙarshen gonar Malam Salihu. Ta ce uku da rabi, ban da kuɗin mota tunda kowa ya ga a ƙasa ya zo, kuma shi da bakinsa ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ɗanhausa ya yi dariya har gula ta kusa faɗuwa, ya ce ko a bakin kura sai ta nemi ragi. Ya taka ukun nan. Gayya ta juyo kamar garke, kafin la'asar sakaliya abin da ya rage na dawar Gwaggo ya sha noma.

Washegari da hantsi ta ja Gide ƙofar mai gari, gari duka na biye. An yi masa aski ƙwal saboda kwarkwasa, kai ya kumbura tudu-tudu, ya ari rigar ubansa, amma tabarau na nan. Aka zauna gindin ceɗiyar fada, wadda tsuntsaye suka cika da saƙa, kullum sai an ɗaga murya kafin a ji shari'a.

Gwaggo ta jera ɓarnar ba ta tsallake ko ludayi ba. Mai gari ya ce a yi sulhu, yaro ya biya abin da zai iya. Gide ya ce ya ba ta rakoda, wadda ko Ikko ba kowa ke da irinta ba. Ta ce albarka, tana da baki isassu a gida da take ciyarwa, ba ta ƙara mai cin batir takwas. Ya ƙara da takalmi. Ta ce albarka, ba ta da rumbun da za ta hau da su. Kawunsa ya ce zai kawo buhun masara. Ta ce dawa aka kashe mata, kuma ba kawu ya yi rawa da kai ba. Malam Salihu ya ce shi don zumunci zai ba ta kaza. Ta ce nasa zancen daban ne, yana nan tafe, ya riƙe kazarsa ta yi ƙwai tukuna.

Mai gari ya share gumi ya tambayi Gide ko yana da abin cewa. Gide ya miƙe ya ce ranka shi daɗe, irinsu ba su kare kansu da magana ƙasa-ƙasa. Kafin a hana shi ya buɗe ƙafafu ya sari iska, ya kware murya iyakar ƙarfinsa:

"Laifin batir ne, ba nawa ba,
kwarkwasa ta zo, ban gayyace ta ba,
akuya ta ci kaset, ba a kama ta ba,
ni Gide ko a Amurka ba a yi kamata ba."

Bai kai ƙarshe ba ceɗiya ta yi fuu. Tsuntsayen nan kaf suka tashi suka yi yamma, har da tsofaffin da ba su tashi ko an harba bindiga. Jakin mai gari ya tsinke igiya. Fada ta yi shirun da ba a taɓa ji ba, har ana jin wani na tauna goro a baya.

Kowa na kallon Gide, Gwaggo na kallon itace. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaye shi, cikin murya mai taushi da ba a san ta da ita ba, ko zai iya yin haka tun safe har yamma. Gide ya buga ƙirji ya ce kwana bakwai ma yana yi ba ya shan ruwa, ai ya gaya musu gwani ba ya ɓuya, ga shi tsohuwa ta gane. Ta ce mai gari ya shaida. Mai gari ya ce ya shaida.

Ta ce to gonarta a bakin kurmi take, kowace shekara tsuntsu da biri ke raba dawar da ita. Gide zai kafa rumfa a tsakiyar gonar da hannunsa. Daga ranar da dawa ta fitar da kai, nan zai wuni yana yabon kansa.

Gide ya cire tabarau, karon farko ba tare da an yi masa magana ba. Ya ce shi da za shi Faskari da Sabuwa, ana jiran sa. Ya roƙi a mayar da wa'adin sati biyu. Ta ce albarka. Ya ce wata ɗaya, da tuwo sau uku. Kawunsa ya sa baki, liman ya sa baki, Ɗanhausa daga baya ya ce a tausaya wa birai. Mai gari ya ce Gwaggo ta faɗi ta ƙarshe, rana ta yi.

Ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Ranka shi daɗe, daga fitar kai har a ɗaure damin ƙarshe. Fitowar rana zuwa faɗuwarta, in ya yi shiru tsuntsu ya sauka, ranar ba ta cikin lissafi. Juma'a shi je masallaci shi dawo. Koko da safe na ɗauka, ƙosai kuwa uwarshi ta aiko. In an yarda da wanga, na sallama."